Yadda Na Goge Muryar Matar Tela

Gaisuwa ga edita da duk masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku ina girgiza kai, kamar ni ban taɓa yin kuskure ba, alhali akwai wanda nake ɗauke da shi fiye da shekara goma. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, ko da yake mutanen Jimeta da suka san ni za su gane ni tun kafin su kai rabi. Babu komai, su gane ɗin.

A lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, kuma gaskiya ina ji da kaina. Haifaffen unguwar Luggere ne ni. Na fara da danna fiyano a wuraren biki tun ina sakandare, daga nan na koma rubuta waƙa ina ba masu murya, domin tawa muryar ba ta kaiwa kasuwa ba ce. Dada, wato mahaifiyata, takan ce in na fara rerawa a tsakar gida har kaji sai sun koma bayan ɗaki. Allah bai ba ni maƙogwaro ba, amma ya ba ni kunne. Da na ɗan samu hali sai na kama shago a unguwar Nassarawo, na liƙe bangonsa da soso da kwalin ƙwai, na ajiye tsohuwar kwamfuta da makirfo ɗaya, na ce na buɗe situdiyo. Waƙar soyayya, waƙar amarya, waƙar ɗan takara, duk wadda ta zo ina rubutawa, in haɗa mata kiɗa, in cakuɗa Hausa da Fulatanci yadda 'yan matan garinmu ke so. Wata waƙar amarya da na rubuta wa wata mawaƙiya ta karɓu sosai, har ta kai in na shiga keke napep sai in ji ta tana tashi, ni kuwa in gyara zama ina jiran wani ya gane ni. Ba wanda ya taɓa ganewa, amma hakan bai rage mini girman kai ba.

Abin da aka fi sanina da shi shi ne gyaran murya. Nakan yi wa abokai cika baki cewa ko mai tallan gawayi aka kawo mini, kafin la'asar zan mai da shi mawaƙi. Ina yanke numfashi, ina cire duk wani motsi da ya shiga bayan murya, ina miƙe wurin da ta karkace, har sai ta fito sumul. Ina kuma da wata al'ada da nake alfahari da ita: da zarar na gama haɗa waƙa sai in goge ɗanyar muryar da aka ɗauka tun farko. Dalili na zahiri shi ne kwamfutar ta tsufa, ba ta da wuri. Dalili na gaskiya kuwa, ba na so kowa ya ji yadda mawaƙana suke kafin hannuna ya taɓa su. Duk ranar Juma'a kafin in tafi masallaci nake wannan sharar.

Ana cikin haka rikicin nan ya yi tsanani, mutane suka yi ta kwararowa Yola da Jimeta daga arewacin jiharmu da kuma Borno, wasu a mota, wasu a ƙafa. Kusan kowane gida ya karɓi baƙi, namu ma sai da Dada ta sauke iyali biyu a ɗakin da nake kwana, na koma zaure. Na rubuta waƙar zaman lafiya a lokacin, aka yi ta yaba mini, na ɗauka na sauke nawa nauyin. Shagon da ke jikin nawa na wani tela ne, janareta ɗaya muke amfani da shi, kuma shi ne ya ba wani ɗan gudun hijira keke ɗaya ya riƙa ɗinki. Mutumin dogo ne siriri daga wani ƙauye a kudancin Borno, ba zai wuce shekara arba'in ba, ba ya magana sai ta kama. Da rana ƙanwarsa takan kawo masa abinci, goye da 'yarsa mai kamar shekara biyu. Farkon zuwansa na yi ta mita cewa ƙarar kekensa na shiga mini makirfo. Bai yi gardama ba, ya ce duk lokacin da zan ɗauki murya in ƙwanƙwasa bango sau uku. Haka muka yi ta yi, ina ƙwanƙwasawa yana ɗaga ƙafa daga keke, ko da kuwa mai kaya na tsaye a kansa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma Oga yake ce mini, ni kuma in ce masa Malam.

Wata rana bayan azahar ya shigo wurina, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Ya sa reza ya farke bakin aljihun rigarsa, ya ciro wani ɗan memori nannaɗe cikin leda. Sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ranar da aka shiga garinsu, matarsa ta miƙa wa ƙanwarsa yarinyar, ta koma gida don ta fito da tsohuwarsa da ba ta iya gudu. Daga ranar ba a sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Wayarsa ta faɗa ruwa a hanya, amma ya riga ya cire memorin. Ba shi da hotonta ko guda. Abin da yake da shi kawai shi ne wata rana da ya dawo gida ya same ta tana daka tana waƙa, yarinyar a bayanta, ya laɓe ya ɗauki muryarta ba ta sani ba, don ya tsokane ta daga baya. Ya ce muryar ta yi ƙasa, in ya ari waya ya sa sai ya manna a kunne kafin ya ji. Roƙonsa biyu ne: in ƙara mata ƙarfi, in kuma adana ta inda ba za ta ɓace ba, domin yarinyar ta ji uwarta in ta yi wayo. Ya ce zai zaga sansanonin 'yan gudun hijira ko zai samu labari, zai yi kamar kwana goma.

Da ya fita na sa na saurara. Minti uku ne da 'yan daƙiƙu. Mace ce ke waƙa da yarensu, wanda ba na ji ko kalma ɗaya, ga ƙarar taɓarya, ga iska, ga kaji. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma kunnen sana'a ne ya yi sauraron, kuma abin da ya ji shi ne aiki a gabansa. Na ce a raina bawan Allah nan ya roƙi abu kaɗan, ni kuwa zan ba shi kyautar da bai taɓa mafarki ba. Na ture duk aikin da ke gabana, na yi kwana huɗu a kan minti ukun nan. Na cire taɓarya, na cire kaji, na yanke numfashi da duk wurin da ta tsaya, na miƙe muryar, na shimfiɗa mata fiyano mai sanyi da ɗan kiɗa a ƙasa. Da na gama har na kira wani mawaƙi ya ji, ya rantse in aka sake ta za ta zaga gari.

Memorin nasa ya kwaso bairos daga wayoyin aro, don haka na yi abin da nake yi wa kowa, na wanke shi tas, na zuba sabuwar waƙar. Da na ga sauran wuri ya yi yawa, sai na cika masa shi da waƙoƙina, wai kyauta. Juma'a ta zo, na yi sharata kamar kullum, na goge ɗanyar muryar tare da na sauran mutane, ban ko tsaya na dubi sunanta ba. Satin da ya biyo baya kuwa aikin 'yan takara ya taso, na yi ta ɗaukar sababbin muryoyi a kan kwamfutar.

Ya dawo a rame, bai samu labarin komai ba. Ko hutawa ban bari ya yi ba, na jawo shi, na zaunar da shi a kujerata, na kunna manyan sifiku, na tsaya a gefe na harɗe hannu ina jiran ya yi kukan daɗi. Ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Da ta ƙare ya ɗago ya dube ni da ladabinsa na kullum, ya yi magana da irin Hausarsu.

"Ya yi daɗi, Oga, Allah ya saka da alheri. Amma wannan ba matana ba ne. Sa mini na da ɗin."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina danne-danne a kwamfuta ba, ina buɗe wuraren da na san babu komai a ciki. Daga ƙarshe na juyo na faɗa masa gaskiya. Na tambaye shi ko ya taɓa tura wa wani, ko ƙanwarsa, ko wani aboki, tunda a lokacin kowa na tura wa kowa abu ta bulutut. Ya ce a'a, ai ba daidai ba ne mutum ya riƙa yawo da muryar matarsa a wayoyin mutane, ko ƙanwar tasa bai taɓa sa mata ba. Ni ne mutum na farko da ya ba, saboda ya ga aikina ne. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya karɓi memorin, ya mai da shi cikin ledarsa, ya sa takalmi ya fita. Ranar har aka tashi ban ji ƙarar kekensa ba.

Babu mai gyaran waya ko kwamfuta da ban kai wa ba a Jimeta, har cikin Yola na je wurin wani da ake cewa yana dawo da abin da aka goge. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce da ban zuba komai a kai ba da an dace, amma waƙoƙin da na cika memorin da su sun hau kan wurin, kwamfutar ma haka. Abin da ya iya tono mini shi ne guntun waƙar wani ɗan takarar kansila. Na zauna a shagonsa na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Da na faɗa wa Dada sai ta ce an ba ni amana na tsaya yi mata kwalliya, ta kuma ce in tashi in je in nemi gafara tun kafin in ci abinci. Na je na durƙusa a gaban kekensa. Ya kama hannuna ya tashe ni, ya ce ya san alheri na nufa, ya yafe duniya da lahira. Wallahi da mari ya yi mini da na fi samun sauƙi. Washegari ya gaishe ni kamar kullum, ya ce in zan ɗauki murya in ƙwanƙwasa. Ban sake iya ƙwanƙwasa bangon nan ba, sai dai in jira ya tafi salla.

Na yi watanni ba na iya rubuta ko baiti ɗaya. Da na dawo aiki kuma na dawo wani mutum daban. Mawaƙa suka fara ƙorafi cewa na daina goge musu murya yadda na saba, wasu suka koma wurin wasu, wasu suka zauna. A hankali Allah ya buɗa, na koma wuri mai faɗi, na yi aure, waƙoƙin da na rubuta suka kai inda ban taɓa zuwa ba. Shi kuwa telan, da abubuwa suka ɗan lafa sai ya tashi daga shagon, na ji an ce ya samu wuri a wajen gari yana ɗinki yana ɗan noma. Na sha cewa zan neme shi, kunya ta hana ni, har shekaru suka tafi.

A daminar bara wata mata ta yi sallama a situdiyo tare da wata yarinya doguwa mai kamar shekara goma sha uku, sanye da kayan makaranta. Ban gane matar ba sai da ta ce ita ce mai kawo wa tela abinci a Nassarawo. Ta ce yayanta ya rasu bayan gajeriyar jinya, wata huɗu ke nan. Na yi salati, na yi musu ta'aziyya. Sai ta ce ba wannan kaɗai ya kawo su ba. Ashe bai jefar da waƙar da na lalata ba. Da ita yarinyar ta tashi, tana jin ta kullum, ta haddace ta, tana gaya wa ƙawayenta cewa uwarta mawaƙiya ce. Bai taɓa ƙaryata ta ba sai da ya ji jikinsa ya yi nauyi. A nan ya gaya mata cewa muryar ta uwarta ce, amma an sa mata kayan da ba nata ba, kuma shi kansa da ya yi ta jin gyararriyar shekara da shekaru, ta asalin ta fara ɓace masa. Ya ce in tana son ta san yadda take, ta nemi mai situdiyo, domin ya saurare ta fiye da kowa. Yarinyar ta miƙo mini memorin, ta yi magana a hankali irin ta ubanta.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba. Ina so ne ka gaya mini abin da ka cire."

Gaskiya ubanta ya faɗa. Kwana huɗu na yi ina maimaita minti ukun nan, kuma mai gyara ba ya manta wurin da ya sa wuƙa. Na zaunar da su, na kunna waƙar, ina tsayar da ita a duk inda na san na yi yanka. Na gaya mata muryar uwarta ta fi wannan kauri, tana da ɗan dishi-dishi, ni ne na ɗaga ta sama don ta yi kama da ta 'yan matan da nake ɗauka. Na nuna mata inda take jan numfashi da ƙarfi saboda nauyin taɓarya, da yadda waƙar ke ɗan makara a bayan dakan, ba ta taɓa tafiya daidai da shi ba. Na nuna mata inda ta manta baiti ta cike shi da rerawa ta hanci, da inda ta tsaya ta kori kaza. Goggon tana share hawaye da bakin mayafi tana cewa haka take, wallahi haka take, ko magana take yi sai ka ce mura ce ke damunta. Yarinyar ta ciro littafin makaranta tana rubutawa, tana tambayata in maimaita. Muka zo kusa da ƙarshe, na tsayar, na ce mata a nan ke ce kika yi kuka a bayanta. Na ce uwarki ta yi dariya a tsakiyar kalma, ta jijjiga ki har muryarta na rawa, ta ce miki wani abu gajere, kalma biyu ko uku, sannan ta ci gaba da waƙarta. Biron ya tsaya a hannunta.

"Me ta ce mini?"

Ba na jin yarensu, kuma a wancan lokacin ban ɗauke ta magana ba, hayaniya na ɗauke ta, ita ce ma abu na farko da na yanke. Na rufe ido na yi ta ƙoƙarin in tuno ko da sautin ne, in faɗa goggon ta fassara, amma babu. Na tuna tsawon wurin, na tuna yadda na ja layi a kansa, ban tuna abin da ke ciki ba. Goggon ba ta taɓa ji ba, uban kuma bai kai ga gaya mata ba. Na ce mata ban sani ba, 'yata, ki yafe mini. Ta gyaɗa kai, ta rufe littafin, ta yi mini godiya har da rusunawa. Na raka su bakin titi na tare musu keke napep. Yanzu takan zo gidana lokacin hutu, ta saba da matata da Dada, amma ba ta sake yi mini wannan tambayar ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne in ja kunnen 'yan'uwana masu situdiyo, da masu gyaran hoto, da masu tura abubuwa a waya, da duk wanda ake kawo wa abin wani ya taɓa. Mutanenmu da yawa sun fito daga garuruwansu ba su tsira da komai ba sai ɗan abin da ke cikin waya. In an kawo muku, ku fara adana shi yadda ya zo, wuri biyu ko uku, kafin ku sa masa hannu. Ku yi abin da aka roƙe ku, in kuna son ƙari ku tambaya. Ni ban yi mugunta ba, iyawa ce ta ruɗe ni, na ɗauka duk abin da bai yi sumul ba yana jiran in gyara shi, ban san abin da nake sharewa shi ne matar da mutumin yake nema ba. Ina roƙon masu karatu su sa shi da matarsa da tsohuwarsa a addu'a, ni ma su roƙa mini gafara. Shi ya yafe mini, 'yarsa ma ta yafe, amma har gobe abin yana ci mini rai. A duk duniya ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ji abin da uwar nan ta ce wa 'yarta, na ji shi sau ɗari ko fiye, kuma ban saurara ba ko sau ɗaya.